Mai Danna Dariya

Karo na uku ke nan Madam Odile tana buga tafin hannunta a kan teburin.

"Yana buɗe baki, ki danna. Ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Mene ne abin wahala a nan, madmazel?"

Saffana ta mayar da yatsa kan madannin kwamfutar, ta leƙa ta gilashi. Ɗakin da aka ajiye ta yana can sama bayan kujerun 'yan kallo, bai fi banɗaki faɗi ba, fankar da ke ciki kuwa zafin kawai take juyawa. Can ƙasa a kan dandamali, Faransawa wajen arba'in ne ke gwajin safe cikin kayan gida, wasu da silifa, wasu da tawul a wuya. Wata biyu ke nan suna zagaya biranen China da wani tsohon wasan barkwanci da ake rera shi da waƙa, wanda aka ce ya girmi kakan kowa a cikinsu. Guangzhou ne gari na goma sha ɗaya, kuma gajiyar goman da suka wuce tana nan a fuskar kowa. Madam Odile ce mai tsara fitar kowa da shigarsa, ita ma idanunta sun yi ja.

A saman dandamalin an rataye wani dogon baƙin allo. Duk layin da ɗan wasa ya rera da Faransanci, fassararsa za ta fito a allon da Sinanci, amma sai wani ya danna. Layi ɗari tara da arba'in. Mutumin da ke dannawa tun farkon tafiyar yana kwance a asibiti a garin da suka baro, an yi masa aikin ciki. Shi ya sa aka shiga neman mai jin harsunan biyu, aka samo Saffana Tankari, 'yar Maradi, mai digiri daga Yamai da shekara biyu a makarantar koyon Sinanci, wadda yanzu take bin 'yan kasuwa daga shago zuwa shago tana yi musu tafinta.

Ba kuɗi ne ya kawo ta ba. Kwana biyar suka rage a bizarta. Tun da wasannin Olamfik suka matso aka tsuke komai. A da mutum kan hau jirgin ƙasa zuwa Hong Kong, ya kwana biyu, ya dawo da sabuwar biza. Yanzu sai da takardar gayyata daga kamfani mai rajista, da jan hatimi a ƙasanta. Ta bi masu shagunan da ta yi shekaru tana kai wa baƙi, waɗanda ke zuba mata shayi suna kiran ta ƙanwa, duk amsa ɗaya suka ba ta: meyo, babu. Sai ga Mista Liang, wanda kamfaninsa ya kawo Faransawan. Wasa uku, takarda ɗaya. Haka suka yi da shi shekaranjiya a kan matakala, yana magana yana duba agogo.

"Mu sake daga shigowar janar," in ji Madam Odile. Ta saka mata na'urar sauraro a kunne da hannunta, kamar mai ɗaura wa akuya igiya, ta sauka.

Labarin wasan ba shi da wani nauyi. Wani tsohon janar ne mai tsoron ƙarar bindiga, ya gudu daga fagen fama ya ɓuya a gidan burodi cikin kayan mata, har wani sajensa ya gan shi ya ce ita yake so da aure. Mushe Armand ne janar ɗin, dattijo mai shekara sittin da takwas, mai tumbi da siraran ƙafafu. Ya shigo, ya buɗe baki, Saffana ta danna. Ya sake buɗewa, ta sake dannawa. Haka har azahar.

Da aka tashi ta sauka neman inda za ta yi salla. A ƙarƙashin matakala, tsakanin akwatunan gashin aro da takubban kwali, ta tarar da Mushe Armand zaune a kan wata adaka, ya naɗe wando, yana shafa wa gwiwoyinsa wani koren mai na Sinawa.

"Ke ce sabuwar mai allon?"

"Ni ce."

"To ina gaisuwa, ke ce tauraruwar wasan nan. Gari goma, allon suke yi wa dariya. Ni da zan zauna a otal in aiko da hulata, ba wanda zai lura."

Ta ce masa wuri take nema. Ya jawo wani babban kwali daga bayan adakar, ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa mata, ya juya bayansa ya ci gaba da shafa mansa.

Tana sallamewa wayarta ta yi ƙara. Alhaji Maidaji ne, aminin babanta, mai saro tufafi yana kaiwa Maradi.

"Ɗiyata, kina ina? Ga ni kasuwar Shahe gaban lawban, wato mai shagon wanduna, tun ɗazu murmushi muke ma juna kamar sabbin surukai."

"Ina wuni, Baba? Ai na gaya maka yau ba ni nan."

"Lahiya lau. An ce mini kin shiga cikin masu waƙa. Mi zan ce ma Tankari in na koma? In ce na baro ɗiyarshi tana kaɗa ma Nasara ganga?"

"Ka ce masa maɓalli nake dannawa."

"Duk karatun nan, maɓalli guda. Allah shi kyauta. To ga Sinuwan, gaya mishi wandunan nan ko kyauta ya ba ni sai na yi shawara."

Ta gaya wa mai shagon cewa Alhaji ya yaba da yadin, ɗinkin ne yake son a sake dubawa. Da wayar ta koma hannun Alhaji ta ce, "Baba, kada ka taɓa kalkuletar nan tukuna. Kafin ka ɗage yatsa ya karanta lambar, ya gama shawara. Bar shi ya gama surutunsa. In ya yi shiru ya dube ka, sannan ka buga. In ya ƙi, ka kama hanya, kada ka waiwaya. Zai kira ka."

"Ni za ki koya ma kasuwa?"

"Ta Maradi kai ne malamina. Ta Shahe kuwa ka yi haƙuri."

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Zancen bizan nan. In takardar ba ta hito ba, ki yi yadda kowa ke yi. Ki lahe cikin ɗaki wata biyu, a gama guje-gujen nan nasu."

"Na ji, Baba."

Ta ji, amma ta san abin da lafewa ke nufi. Ƙawarta Radiyya, 'yar Kano, wata ɗaya ke nan tana lafe a hawa na goma sha tara na wani bene a unguwar Xiaobei. Labule a sake dare da rana, ba ta barin takalmi a ƙofa, in an ƙwanƙwasa sai ta shige banɗaki ta kashe fitila. Macen da ke cika shago da murya, yanzu da raɗa take amsa sallama. Saffana ta naɗe kwalin, ta jingine shi inda aka ɗauko shi. Ita da ƙafarta ta shigo ƙasar nan, da takardar makaranta a hannu. Ba ta saci komai ba, ba ta ga abin da zai kai ta banɗaki ba.

Ƙarfe biyu da rabi aka fara wasan rana. Zauren ya kusa cika: tsofaffi da mafitai, ɗalibai da aka kawo a motoci, ma'aikatan wani kamfani da aka raba wa tikiti. Makaɗa suka tashi da kiɗa mai sauri, labule ya buɗe, 'yan mata suka fito da farantan burodi suna rawa. Saffana ta danna, ta danna, ta danna.

Janar ya shigo da ƙaton gashin baki na aro da lambobin yabo har cibiya. Ya dafa ƙirji, ya buɗe baki, ta danna kamar yadda aka ce. Allon ya nuna duka maganar lokaci guda: Na yi yaƙi goma sha biyu ban taɓa juya wa abokin gaba baya ba, domin ban taɓa zuwa kusa da shi ba.

Zauren ya fashe da dariya. A lokacin Mushe Armand bai ma kai "goma sha biyu" ba. Ya ci gaba da rerawa a cikin hayaniyar, ya ja numfashi inda ya saba ja, ya karkata kai, ya ɗaga gira ɗaya, ya saki ƙarshen maganar da ƙaramar murya. Tsit. Dariyar ta riga ta ƙare. Wani ya yi tari. Wayar wata tsohuwa ta yi ƙara, ta ɗauka ta fara bayani.

Haka aka yi ta yi har sa'a guda. Kawunan mutane duk a sama suke, ba mai kallon dandamali. Su karanta, su yi dariya, su jira. Dattijon kuwa yana can ƙasa yana gumi, yana bin dariyar da ta riga shi wucewa, kamar mai bin motar da ta tashi. Daga inda take Saffana tana ganin kafaɗunsa suna ƙara sauka bayan kowace waƙa. Bai fasa komai ba. Kowace gira ya ɗaga ta, kowane taku ya taka shi, ga mutanen da ba su gani.

"Da kyau," in ji muryar Madam Odile a kunnenta lokacin da labule ya rufe don hutun rabin lokaci. "Daidai. Ci gaba haka."

Saffana ta zauna tana kallon kwamfutar. Minti ashirin. Ta san ba ruwanta. Wasa uku, takarda ɗaya, ta danna inda aka ce ta tafi. Amma abin ya tsaya mata a wuya, irin yadda yake tsaya mata in ta ga baƙo ya buga farashinsa na ƙarshe tun kafin ya zauna. Ta buɗe layukan janar na kashi na biyu, ta ƙirga waɗanda ke da abin dariya a ƙarshe, talatin da ɗaya. Ta fara yanka kowanne biyu, farkon maganar a shafi ɗaya, ƙarshenta a shafi na gaba. Gumi yana bin bayanta. Tana yanka na ƙarshe ƙararrawa ta kaɗa.

Janar ya fito cikin siket da ɗankwalin masu gasa burodi, gashin bakin yana nan bai cire ba. Sajen ya durƙusa gabansa da fure. Janar ya buɗe baki, ta danna. Allon ya ce: Saje, ni mace ce mai kunya, ba na kallon namiji a ido.

Sannan allon ya tsaya.

"Danna," in ji Madam Odile. "Ina sauran? Madmazel, danna!"

Saffana ta cire na'urar daga kunnenta, ta rataye ta a ƙusa. Ta zuba wa dattijon ido. Mutane sun gama karantawa, ba su ga abin dariya ba, sai kawunansu suka sauko ɗaya bayan ɗaya suna neman inda sauran maganar take. Karo na farko tun da aka fara, zauren duka yana kallon Mushe Armand. Ya ja numfashi. Ya murza gashin baki da yatsa biyu. Ya kalli takalman sajen. Ta danna.

Amma takalmanka ba a goge suke ba, kwana uku a gadirum!

Dariyar ta taso daidai da faɗuwar muryarsa, ta bugi dandamalin har sajen ya waiwaya. Mushe Armand ya tsaya da baki a buɗe. Mai ba makaɗa hannu ya ɗaga sanda yana jira, dattijon bai shigo ba, sai da aka sake zagayowa. Ya ɗaga kai sama, ba wajen allon ba, wajen ɗan gilashin da ke bayan zauren.

Daga nan ita da dattijon suka fahimci juna. In ya ja shirun, ta jira shi. In ya ƙara ja, ta ƙara jira, yatsarta a sama, har sai ta ga tsofaffin sun daina kaɗa mafitai. A wata waƙa ya riƙe su sai da wata ɗaliba ta yi ihu da Sinanci, "Faɗi mana!" Sannan ya saki, ita ma ta saki. Saffana ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya, wuyanta ya ƙage, idanunta suna yaji. Amma rabon da ta ji hannunta ya san abin da yake yi haka, ta manta.

Da labule ya rufe aka yi ta tafi har ya fito sau uku.

Madam Odile ta tare ta a matakala. "Wa ya ba ki izinin taɓa rubutun? Kuma kada ki sake cire na'urar nan ina magana." Ta share goshi da bayan hannu. "Kashi na farko ma ki yanka shi haka kafin bakwai da rabi."

Saffana ta wuce ta, ta nufi ofishin da aka ba Mista Liang a ƙarshen wani dogon lungu. Yana tsaye da waya biyu, yana jera katunan manyan baƙi na wasan yamma. Ya gan ta ya washe baki.

"Madalla, madalla! Kin ji yadda suka yi dariya? Yau da yamma manyan gari za su zo."

"Na ji. Lawban Liang, takardata."

"Gobe."

Wannan goben ta fassara ta ga 'yan kasuwa ya fi sau dubu. Ta san wadda ke nufin gobe, ta san wadda ke nufin jibi, ta san wadda ba ta nufin komai.

"Gobe Asabar, ofishin biza a rufe yake. Litinin nake son shiga da ita. Ka rubuta yanzu, ka buga hatimi, ka riƙe ta a aljihunka har in gama wasa na uku. In gan ta kawai."

"Hatimin yana babban ofis."

"Tasi minti ashirin ne."

"Mai riƙe da shi ya fita."

"To a kira shi."

Ya ajiye katunan. "Malama, lokaci ne mai wuya. Ki yi aikinki, za mu duba."

Ta gyara mayafinta, ta rataya jaka. "In ban ga takarda kafin bakwai ba, ka nemi mai danna maka."

Ta juya ta kama hanya. Ba da sauri ba, ba kuma a hankali ba, irin tafiyar da ta koya wa baƙi da yawa. A Shahe a taku na bakwai ake kiran mutum. A manyan shagunan Guangyuan, masu ji da kansu, sai na goma. Ta ƙirga bakwai. Ta ƙirga goma. A na goma sha biyar ta tsaya wajen tulun ruwan sha, ta tsiyaya a kofin takarda, ta sha, ba ta waiwaya ba. Daga bayanta ta ji muryarsa a waya, da Sinanci, ba tare da ko rage sauti ba:

"Nemo mini ɗaliba, kowace iri. A'a, ba sai ta iya sosai ba. Maɓalli ne kawai."

Ta murƙushe kofin, ta jefa a kwando, ta tura ƙofar baya.

Zafin la'asar ya rufe ta kamar jiƙaƙƙen bargo. A lungun bayan gidan wasan, Mushe Armand yana zaune a kan matakalar siminti cikin singileti da siket ɗin mai burodi, gashin bakin aro a manne a gwiwarsa, yana shan taba. Ya gan ta ya yunƙura ya miƙe, da ƙyar.

"Madmazel! Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa sumbatar kwamfuta ba, yau saura kaɗan. Da yamma ma haka, ko? A waƙar farko akwai wani wuri da nake so ki..."

"Babu yamma, mushe."

Ta gaya masa komai, a taƙaice. Ya saurara yana kallon tabarsa, sannan ya koma ya zauna.

"Liang ya ce zai ba ki takarda?"

"Wasa uku, takarda ɗaya."

"Yarinya, mu kanmu ya kasa ƙara mana kwana goma. Gari biyu aka soke. Talata za mu tashi, da mu da takubbanmu. Tun watan jiya aka hana kamfaninsa rubuta wa kowa gayyata, a gabana ya gaya wa Odile."

Saffana ta tsaya. Wato tun a kan matakalar nan, yana duba agogo, ya san babu. Ita kuma ta yi masa tafiyar kasuwa, tana ƙirga taku, tana jiran kira daga shagon da ba kaya a ciki. Ta ji dariya tana neman taso mata, mai ɗaci, ta haɗiye.

"Ni zan iya rubuta miki," in ji dattijon. "Da hannuna. In ce ke ce mafi gwaninta a China."

"Kana da jan hatimi?"

"Ina da jan baki."

Wannan karon dariyar ta kuɓuce mata. Ta zauna a ɗaya gefen matakalar, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Ki zauna yau kawai," ya ce a hankali. "Ba don shi ba."

"Na sani. Amma ɗakin nan nasa ne, manyan baƙin nasa ne, shi za a yi wa sannu da aiki. Shekara uku ina gyara wa mutane magana don kada ran wani ya ɓaci. Na ce masa in babu takarda ba ni komawa. Ba ni komawa."

Bai sake roƙo ba. Ya gyaɗa kai, ya taka tabar da silifa.

Ta daɗe tana kallon motocin kaya suna wucewa a bakin lungun. Sannan ta buɗe jaka, ta fito da kwafin rubutun wasan da aka ba ta, da biro.

"Wadda za a kawo ba za ta ji rabin abin da kake rerawa ba. Amma tana da ido. Tashi ka nuna mini. A kowane wuri, me kake yi kafin ka saki maganar?"

Ya dube ta, ya miƙe. A nan cikin lungu, tsakanin kwandunan shara da kekuna, ya fara. Nan yana murza gashin baki. Nan yana kallon takalmi. Nan yana ɗaga gira ta hagu, nan yana dafa ƙugu, nan kuma ba ya yin komai, numfashi kawai yake ja. Ita kuwa tana rubutawa da Sinanci a gefen kowane layi, da manyan baƙaƙe: jira, in ya dafa ƙugu, danna. Wani mai kai ruwan gora ya tsayar da kekensa yana kallon tsohon Bature cikin siket yana kashe wa bango ido, ya yi dariya har ya kusa faɗuwa. Suka bi talatin da ɗayan, sannan suka koma kashi na farko, ta ja layi a duk inda za a yanka.

"Ka ba Madam Odile, ta san yadda ake yankawa. Ka ce wa yarinyar kada ta kalli allo, kai za ta kalla. In an yi mata tsawa a kunne, akwai ƙusa a bango."

Ya karɓi takardun da hannu biyu, yadda ya ga Sinawa suna yi. Ya ɗan rusuna mata irin ta dandamali, yana riƙe da gefen siket.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ta samu wurin zama ba. Ta riƙe ƙarfe, ta lumshe ido, kiɗan wasan yana ta zagaya mata a kai ba da sonta ba. A mafitar Xiaobei 'yan sanda biyu suna tsaye suna duba fasfo. Wasu samari da ke gabanta suka juya suka koma ciki kamar sun yi mantuwa. Ita ta miƙe tsaye wajensu, ta miƙa nata kafin a tambaya. Ɗan sandan ya duba, ya ɗaga mata yatsu biyar. Ta ce masa da Sinanci ta iya ƙirga.

Ta hau hawa na huɗu na dogon benen 'yan kaya, ta ratsa buhunan da aka jibge a hanya, ta shiga ɗan ofishin Abdulhakeem, Bakano mai sayar da tikitin jirgi. Yana cin shinkafa a roba.

"A'a, Malama Faransa! An ce kin zama 'yar wasa. Yaushe za mu gan ki a talabijin?"

"Sannu da aiki, Malam. Yamai nake so. Laraba, ko kafin nan."

Ya ajiye cokalin. "Takardar ba ta samu ba? To ai ba sai kin tafi ba, kowa lafewa..."

"Laraba."

Ya goge hannu, ya jawo kwamfuta, ya yi ta latsawa. "Akwai kujera ɗaya ranar Talata. Zuwa kawai, ko?"

"Zuwa da dawowa."

"Hajiya, wa ya san ranar da za su sake buɗewa? Wasu cewa suke sai baɗi, wasu cewa suke shi ke nan. Kada ki yi asara."

"Na tambaye ka?"

Ya ɗaga hannu biyu. "Allah ya ba ki haƙuri. Wace rana zan sa ta dawowar?"

Saffana ta zauna a kan wani buhun takalma, ta cire ɗaya takalmin ma.

"Bar ta a buɗe," ta ce.